Hatsinmu a rumbun wani

Ranar 14 ga watan Agusta na shekarar 2024, kamfanin Meta na Amurka, wanda ya mallaki Facebook da Instagram da WhatsApp, ya rufe wata manhaja da ake kira CrowdTangle. Ba a yi shelar abin a gidajen rediyonmu ba, kuma da wuya ka samu wanda ya taɓa jin sunan manhajar a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram. Amma rufewar ta shafi duk mai rubutu a waɗannan shafuka na sada zumunta, ta kuma shafi duk wanda ake shara wa ƙarya a cikinsu, domin ita ce babbar tagar da ɗan jarida ko mai bincike ke leƙawa ya hango abin da ke gudana a cikin gidan gaba ɗaya.

Bari mu fara bayyana aikinta, don mai karatu ya san abin da aka rasa. Idan ka buɗe Facebook a salularka, abin da kake gani kamfanin ne ya tsinto maka shi, gwargwadon abin da ya lura kana tsayawa a kansa. Maƙwabcinka da kuke zaune kan tabarma ɗaya, wani abu dabam yake gani. Babu ɗayanku da zai iya cewa ga labarin da ya fi yawo a ƙasa yau, ko ga shafin da ya fara sakin wata jita-jita, ko ga shafuka arba'in da suka maimaita magana ɗaya, ba ragi ba ƙari, cikin minti goma. CrowdTangle ita ke amsa irin waɗannan tambayoyi. Ka rubuta kalma ko sunan mutum, ta jero maka inda aka ambace shi a shafukan da ke buɗe ga kowa, da rana da sa'ar da aka wallafa, da yawan waɗanda suka yi sharhi ko suka tura gaba. Ba ta shiga saƙon sirri, ba ta leƙa abin da mutum ya killace wa abokansa. Abin da aka tsaya a dandali aka faɗa da ƙarfi, shi take tarawa.

Wasu Amurkawa biyu, Brandon Silverman da Matt Garmur, su suka kafa ta a shekarar 2011. Gidajen jaridu suka rungume ta, har Facebook ya ga amfaninta ya saye ta a watan Nuwamba na 2016, ya kuma riƙa ba ƴan jarida da masu tantance labarai ita kyauta. Ana nan lafiya lau sai shekarar 2020, shekarar zaɓen Amurka, lokacin da wani ɗan jaridar New York Times mai suna Kevin Roose ya soma fitar da jerin rubuce-rubuce goma da suka fi jawo sharhi da turawa a Facebook kowace rana. Kusan kullum masu zazzafan ra'ayin riƙau, irin su Ben Shapiro da Dan Bongino, su ne a sahun gaba. Manyan kamfanin suka ji abin a jikinsu. Suka ce ai yawan sharhi dabam, yawan masu gani dabam. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, kuma maganinta mai sauƙi ne: a fito da alƙaluman masu gani, kowa ya duba da idonsa. Silverman ya nemi a yi haka, ba a saurare shi ba. A 2021 aka rarraba ma'aikatansa cikin wasu sassa, shi kuma ya bar kamfanin.

A watan Agusta na wannan shekara ta 2021 kamfanin ya fito da rahotonsa na kansa game da abubuwan da aka fi gani, cike da barkwanci da hotunan dabbobi. Kwana kaɗan bayan haka asiri ya tonu cewa akwai wani rahoto da ya riga wannan, na watanni ukun farko na shekarar, wanda aka rubuta aka jefa a aljihun tebur, saboda labarin da ya zo na ɗaya a cikinsa na wani likita ne a jihar Florida da ya mutu bayan an yi masa allurar rigakafin korona. Mai karatu ya tsaya a nan ya yi tunani. Wanda ya ɓoye rahoton da ya rubuta da hannunsa don bai yi masa daɗi ba, shi ne yake ce mana mu bar bincike, zai riƙa gaya mana abin da ke cikin rumbu. A madadin CrowdTangle an buɗe wani abu mai suna Meta Content Library, wanda sai ka cika takardu an tantance ka, kuma tun ranar da aka buɗe shi malaman jami'a da ƙungiyoyin da ba na neman riba ba aka nufa da shi, aka bar akasarin gidajen jaridu a bakin ƙofa.

Da a ce wannan ne karo na farko, da sai mu ce tsautsayi ne. To, kabarin irin waɗannan manhajoji ya yi yawa. Akwai Topsy, wadda ta tattara duk abin da aka rubuta a fili a Twitter tun daga 2006 ta yadda za a iya nemansa. Kamfanin Apple ya saye ta a ƙarshen 2013, ya kashe ta bayan shekara biyu. Akwai Storify, wadda wani tsohon wakilin kamfanin dillancin labarai na AP, Burt Herman, ya gina tare da wani ɗan Beljiyam, Xavier Damman, a 2010. Aikinta tankaɗe da rairaya ne: ɗan jarida ya tsinto saƙonni da hotuna na waɗanda suka ga abu da idonsu, ya jera su bi da bi, ya sa bayani a tsakani, su zama labari ɗaya mai kai da gindi. An yi amfani da ita ƙwarai a boren ƙasashen Larabawa na 2011. Ta koma hannun Livefyre a 2013, Livefyre ya koma hannun Adobe a 2016, ranar 16 ga Mayu na 2018 kuma aka rufe ta. Wanda bai kwashe nasa ba kafin ranar, aikinsa ya bi ruwa. Shi kansa Facebook yana da hanyar nema mai zurfi da ya ƙaddamar a Janairun 2013, wadda masu binciken laifukan yaƙi suka dogara da ita. A Yunin 2019 suka wayi gari ta daina aiki, ba sanarwa ba sallama.

Ko hukuma mai ƙarfi ba ta tsira ba. A watan Afrilu na 2010, ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya, ya ƙulla yarjejeniya da Twitter cewa zai adana duk saƙon da aka wallafa a fili. Zuwa farkon 2013 ya tara saƙo biliyan 170, amma ya kasa samun hanyar da mai bincike zai nemi abu a ciki cikin lokaci mai ma'ana. Daga ranar 1 ga Janairun 2018 ya daina kwasar komai, ya koma tsince-tsince. Darasin da ke nan na masu gini ne: tarawa ba ta da wuya, nema shi ne aikin. Rumbun da ba a iya ɗebo komai daga cikinsa, da shi da babu duk ɗaya.

Me ya sa waɗannan manhajoji ke mutuwa haka? Domin dukkansu a filin aro aka gina su. Kamfani yakan buɗe wata kafa ta musamman inda na'ura ke magana da na'ura, mai gini ya jona tasa ya riƙa jawo bayanai. Mu kira ta famfo. Ruwan na jama'a ne, tunda jama'a suka rubuta, amma kan famfon yana cikin gidan kamfani, kuma takardar sharuɗɗan da mai gini ya sa wa hannu ta ba kamfanin ikon murɗe shi ran da ya ga dama. Zanen aro kuwa, an ce, ba ya rufe katara. Misalin da ya fi kowane fitowa fili shi ne na Twitter. A 2021 kamfanin ya ba masu binciken jami'a damar jawo saƙo miliyan 10 kowane wata kyauta. A Oktoban 2022 Elon Musk ya saye shi kan dala biliyan 44, a Fabrairun 2023 ya sanar da ƙarshen kyauta, aka kuma sa wa babban famfon kuɗi dala 42,000 a wata, wato wajen miliyan 25 na kuɗinmu na sefa. Wace jami'a ce a Yamai ko Kano ko Zariya za ta zuba wannan kuɗi kowane wata don karanta abin da ƴaƴanta suka rubuta?

Cikin waɗanda wannan mataki ya kashe akwai wata manhaja da na fi jin takaicin rashinta, mai suna Politwoops. A ƙasar Holan aka fara ta a 2010, ta yaɗu zuwa ƙasashe wajen 30. Aikinta ɗaya ne rak: idan ɗan siyasa ya rubuta magana ya dawo ya goge, ita ta riga ta ajiye, sai ta nuna wa jama'a. Twitter ya toshe ta a 2015, yana cewa gogewa haƙƙin kowane mai shafi ne. Da surutu ya yi yawa ya sake buɗe mata. A 2023 ta mutu gaba ɗaya. Kakanninmu sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. A zamanin takarda haka abin yake: minista ya yi alkawari, jarida ta buga, bayan shekara biyar ka ɗauko tsohon bugu daga ƙarƙashin katifa ka karanta masa. Yau an ƙirƙiro bunun da ke komawa cikin jinka, kuma babu alamar da zai bari.

Kada mu zalunci kamfanonin, suna da hujjar da suke kafawa, kuma ba hujjar banza ba ce. A watan Maris na 2018 aka gano cewa kamfanin Cambridge Analytica ya samu bayanan mutane da yawansu zai kai miliyan 87, ta hanyar irin wannan famfo, da sunan binciken ilimi, ya juya su ga yaƙin neman zaɓe. A 2019 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5. Kafin nan, a Oktoban 2016, ƙungiyar kare ƴancin jama'a ta ACLU ta fallasa wani kamfani na birnin Chicago mai suna Geofeedia, wanda ya gina manhajar nema ta wuri: ka zana da'ira a kan taswira, ta nuna maka duk abin da aka wallafa daga cikin da'irar. Ƴan sanda yake sayar wa, yana kuma tallata ta da cewa ta yi amfani wajen sa ido kan masu zanga-zanga a Baltimore da Ferguson. Ashe wuƙar da ke yanka wa ɗan jarida nama, ita ce ke hannun mai farautar ƴan adawa. Duk mai ginin irin wannan manhaja da ya ce shi injiniya ne, ba ruwansa da wanda zai riƙe ta, yaudarar kansa yake yi.

Sai dai hujjar sirri tana da iyaka, kuma kamfanonin sun tsallake iyakar. Cambridge Analytica bayanan mutane na ɓoye ya kwasa. CrowdTangle abin da aka wallafa a bainar jama'a take nunawa. Haɗa su a kwando ɗaya wayo ne. Dubi abin da ya faru da masu bincike na jami'ar New York, Laura Edelson da Damon McCoy, waɗanda suka gina ƴar manhajar da mutum ke sa wa kwamfutarsa da yardarsa, tana tattara tallace-tallacen siyasa da ake nuna masa, don a san wa ya biya, kuma wa aka nufa. A Agustan 2021 Facebook ya rufe shafukansu, yana cewa yarjejeniyarsa da hukumar cinikayya ce ta tilasta masa. Hukumar ta rubuto wasiƙa ta ce sam ba haka ba ne. Sirrin wa ake karewa a nan? Na mai tallar siyasa da ya biya kuɗi don a gan shi?

Wani zai ce duk wannan rigimar Turawa ce, surutun ƴan boko kan kayan wasa. To ya saurari abin da ake samu idan an ajiye, an kuma iya nema. A watan Yuli na 2018 wani bidiyo ya yi ta yawo, ana ganin sojoji sun tasa mata biyu da ƙananan yara biyu a gaba, suka rufe musu ido suka harbe su. Kakakin gwamnatin Kamaru na lokacin, Issa Tchiroma Bakary, ya ce labarin ƙanzon kurege ne. Masu bincike na BBC da wasu masu sa kai suka zauna suka gwada layin duwatsun da ke bayan hoton da hotunan tauraron ɗan adam, suka gano wurin kusa da ƙauyen Zelevet a arewa mai nisa, dab da iyakar Najeriya. Suka auna inuwar sojojin suka gano lokacin, tsakanin Maris da Afrilu na 2015. Suka bi shafukan Facebook suka gano fuskoki da sunaye. A Satumban 2020 kotun soja a Yawunde ta ɗaure huɗu daga cikin sojojin shekara goma-goma. Haka nan a Agustan 2017 kotun duniya mai hukunta manyan laifuka ta ba da sammacin kama wani kwamandan Libiya, Mahmoud al-Werfalli, bisa kisan mutum 33, kuma mafi yawan hujjar bidiyoyi ne da aka wallafa a shafukan sada zumunta.

A cikin wannan shekara ta 2017 kuma, YouTube ya sa wata na'ura mai koyo ta riƙa share hotunan ta'addanci. Na'urar ba ta san bambancin mai yaɗa kisa da mai ba da shaida a kansa ba, ta share dubban bidiyoyin yaƙin Siriya. Abin da ya ceci da yawa daga cikinsu shi ne wani ɗan Siriya, Hadi al-Khatib, ya riga ya kafa rumbun adana irin waɗannan hotuna tun 2014, yana aiki daga birnin Berlin. Shi da abokan aikinsa ba su tsaya ga ajiye adireshin bidiyo ba, bidiyon kansa suke saukewa su ajiye a nasu na'urorin, su rubuta ranar da suka ɗauke shi da inda suka same shi, su kuma yi masa wani hatimi na lissafi wanda zai nuna in an taɓa ko ɗigo ɗaya a cikinsa daga baya. Da wannan rumbu aka shigar da ƙara a Jamus a Oktoban 2020 kan hare-haren guba na Ghouta a 2013 da Khan Shaikhun a 2017. A ganina wannan shi ne ginin da ya tsaya kan ƙafarsa, domin ko an murɗe famfo, randarsa a cike take.

Mu masu Hausa kuwa, ko lokacin da famfon ke buɗe, ruwan da ke iso mana kaɗan ne. Na'urar nema ba ta san magana ba, haruffa take gwadawa. Kalma ɗaya ta "ƙasa", wani zai rubuta ta da ƙ mai lanƙwasa, wani ya rubuta "kasa" don salularsa ba ta da harafin, wani "qasa", wani "k'asa". Alhali "kasa" ɗin ma wata kalma ce mai zaman kanta. Wanda ya yi lakwal a nan ƙasar zai rubuta "tchin hantchi" da "kouma" da "sannou" bisa ƙa'idar Faransanci, ɗan'uwansa na Katsina ya rubuta "cin hanci" da "kuma" da "sannu". Ga masu ajami, ga masu cakuɗa Hausa da Faransanci ko Ingilishi cikin jimla ɗaya. Mai neman duk abin da aka faɗa kan cin hanci a Tawa, in ya rubuta kalmar ta hanya ɗaya, rabin maganar ya wuce shi bai sani ba. Masu bincike ƙarƙashin jagorancin Shamsuddeen Hassan Muhammad na jami'ar Bayero ta Kano, da suka tattara saƙonnin Twitter wajen 30,000 na Hausa a 2022 don koya wa na'ura gane yabo da suka, sun tarar Twitter ba ya ma iya ware saƙon Hausa daga na wani harshe; sai da suka yi dabara, suka riƙa nema da ƙananan kalmomin da ba a raba Hausa da su, suna haɗawa da wurin da aka aiko saƙon. A 2023 aka faɗaɗa aikin zuwa harsunan Afirka 14. Da famfon kyauta aka yi wannan aiki, kuma a shekarar ce aka rufe shi.

Sa'an nan babbar matsalar: mutanenmu ba rubutu suka fi yi ba. Murya suke aikawa. Wa'azi, da tallar magani, da zagin sarki, da ƙaryar cewa an kai hari a ƙauye kaza, duk a saƙon murya na WhatsApp suke yawo, daga zaure zuwa zaure, kuma tun 2016 an kulle saƙonnin WhatsApp ta yadda ko kamfanin ba ya karanta su. Wannan kulle alheri ne ga mai tsoron a saurare shi, ba na kuma neman a cire shi. Amma ya kamata mai gina manhaja ya san cewa abin da yake gani a Facebook kumfar da ke saman tukunya ce. Illar rashin mai duba tukunyar kuwa an gan ta a jihar Filato a Yunin 2018, inda hotunan ƙarya da aka yaɗa a Facebook suka ƙara wa rikici wuta. Binciken BBC na wannan shekara ya tarar masu tantance labarai huɗu kacal ke aikin cikakken lokaci a Najeriya, ga masu shiga shafin miliyan 24, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu.

Bayan nema akwai zaɓe, wato wane za a ɗora a sama, wane za a bari a ƙasa. Nan ma babu tsarkakken hannu. A Mayun 2016 aka zargi ma'aikatan da ke tsara jerin labaran da ke tashe a Facebook da danne labaran masu ra'ayin riƙau. Kamfanin ya sallame su a watan Agusta ya bar wa na'ura aikin. Cikin kwanaki na'urar ta ɗora labarin ƙarya kan ƴar jarida Megyn Kelly a saman jerin. A 2018 aka soke jerin baki ɗaya. Mutum yana da son rai, na'ura kuma tana bin duk inda hayaniya ta fi yawa. Tunda haka ne, abin da za a nema daga mai rairaya shi ne ya nuna rariyarsa: ya faɗi shafukan da yake bi, da waɗanda ya bari, da dalili, ya kuma bar tsakin a inda wani zai iya dubawa. Edita a jarida sunansa na nan a shafi, in ya karkata a san wanda za a tuhuma.

Turai ta zaɓi hanyar doka. Dokar ayyukan intanet da Tarayyar Turai ta amince da ita a 2022 ta tanadi, a aya ta 40, cewa duk dandalin da ke da masu shiga sama da miliyan 45 a cikin Tarayyar dole ya buɗe wa masu bincike bayanansa, in ya ƙi a ci shi tarar da za ta iya kai kashi 6 cikin ɗari na cinikinsa na duniya. A Afrilun 2024 hukumar Tarayyar ta buɗe bincike kan Meta, ta ambaci shirin rufe CrowdTangle cikin dalilanta, amma hakan bai hana rufewar ba. A Disamban 2025 ta ci kamfanin X, wato tsohon Twitter, tarar yuro miliyan 120, kuma hana masu bincike bayanai na cikin laifukan. Manufar dokar daidai ce: abin da aka faɗa a dandali, dubansa haƙƙi ne, bai kamata ya zama alfarmar da mai gida ke yi ran da ya tashi da fara'a ba. Amma dokar ta Turai ce, don Turawa aka yi ta, ɗalibi a jami'ar Abdou Moumouni ba shi da kotun da zai kai kuka.

Shin mu ma mu roƙi gwamnatocinmu su yi irin ta? Nan nake jan ƙafa. Tarihin hukumominmu da waɗannan shafuka tarihin toshewa ne da kamu. A Fabrairun 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an katse intanet na salula a Nijar har wajen kwana goma. A Yunin wannan shekara gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter wata bakwai, bayan ya goge wani saƙo na shugaba Muhammadu Buhari. Dokarmu ta 2019 kan laifukan intanet ta kai ƴan jarida da ƴan fafutuka gaban alƙali. A 2022 aka cire ɗauri kan ɓata suna da zagi, a Yunin 2024 aka mayar da shi. Hukumar da ke da irin wannan doka a hannun dama, in ka miƙa mata manhajar nema a hannun hagu, ka ba kura ajiyar nama. Wannan bai keɓanta ga wani mulki ba, na farar hula da na kaki duk sun nuna hali ɗaya.

Don haka aikin ya koma kan waɗanda ba su da gidan kaso: ƙungiyoyin ƴan jarida, da sassan harsuna da na kwamfuta a jami'o'inmu, da matasan da suka iya rubuta manhaja. Kuma ya kamata fuskar manhajar ta kalli sama. A bi shafukan ma'aikatu, da gwamnoni, da sarakuna, da manyan malamai masu dubban mabiya, da duk wanda ya nemi jama'a su saurare shi. A bar mai shayi da ƴar makaranta su yi hirarsu. A sauke abin da aka wallafa ranar da aka wallafa shi, a sa masa kwanan wata da hatimi irin na ƴan Siriya, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, ɗaya a ƙetaren iyaka. Rumbun Internet Archive da Brewster Kahle ya kafa a 1996 yana karɓar adireshin shafi daga kowa ya adana shi kyauta, ko da yake shafukan sada zumunta sukan yi masa gardama, shi ya sa ba a dogara da shi kaɗai. Jerin hanyoyin rubuta kalmomin Hausa, da ƙ da k da q, da c da tch, da u da ou, aiki ne da ajin ɗalibai ɗaya zai iya somawa, kuma babu wani injiniya a Kalifoniya da zai yi mana shi.

Akwai abin da ya sa nake ganin lokaci na ƙurewa. A watan Maris na 2025 aka rusa dukkan jam'iyyun siyasar ƙasar nan. Ko mutum ya yi murna da haka ko ya yi baƙin ciki, jam'iyyun sun yi shekara fiye da talatin suna tarihi, kuma a shekarunsu na ƙarshe sanarwoyinsu, da hotunan tarukansu, da alkawuran ƴan takararsu, da martanin da suka riƙa mayar wa juna, da yawansu a Facebook aka zuba su, ba a takarda ba. Jaridun da suka biyo bayan babban taron ƙasa na 1991, mai nema zai iya samun wasu a ɗakunan ajiya ko a akwatin wani dattijo, ko da gara ta ci gefe. Shafin jam'iyyar da ba ta da ofis yanzu fa, wa ke riƙe da kalmar sirrinsa? Ran da wanda ke riƙe da ita ya tsorata ya goge, ko kamfanin ya share shafin don ya daɗe ba motsi, ɗalibin da zai rubuta tarihin zaɓen 2016 ko na 2021 zai tarar da adireshi, ya latsa, a ce masa babu wannan shafi.